Tambaya da Amsa: Shin Kowane Katun Ne Ya Dace da Ƙananan Yara?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, duka daga Jihar Gombe, kuma duka a kan fina-finan zane masu motsi, waɗanda aka fi sani da katun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni uwa ce mai 'ya'ya uku a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe. Babban shekararsa takwas, mai bi masa mace ce 'yar shekara huɗu, sai na goye. Ƙanena ya tura mini wani fim na katun a waya mai suna The Lion King, ya ce in ajiye wa yara su kalla a lokacin hutu, domin a cewarsa babu komai a ciki sai dabbobi da waƙe-waƙe. Ni ban taɓa kallonsa ba, Turancina kuma bai taka kara ya karya ba. Ina so in san ko ya dace da su biyun. Maigidan ya ce shi ba zai zauna kallon zanen yara ba, ni kuma aikin gida ba ya barina, saboda haka niyyata in kunna musu in ba su wayar in ci gaba da hidimata. Ko akwai laifi a yin haka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Amsar a taƙaice ita ce fim ɗin ya dace da ɗan shekara takwas idan akwai babba a kusa, amma ya yi wa 'yar shekara huɗu nauyi, kuma miƙa musu wayar su kaɗai shi ne abin da ban ba ki shawara ba. Ga dalilaina.

Kamfanin Disney na Amurka ne ya fitar da wannan fim a shekarar 1994, tsawonsa minti 88, kuma labarin wani ɗan zaki ne mai suna Simba, ɗan sarkin dawa Mufasa, wanda ƙanen mahaifinsa ya raba shi da gadon sarauta. Ƙanenki bai yi ƙarya ba da ya ce dabbobi ne da waƙe-waƙe, sai dai bai gaya miki abin da ke faruwa bayan kimanin rabin awa da fara fim ɗin ba. A nan ne ƙanen sarkin, mai suna Scar, ya haɗa baki da kuraye suka koro wani garken dabbobin dawa masu kama da ɓauna cikin kwazazzabon da ya ajiye ɗan zakin. Uban ya zo ya ceci ɗansa, ya yi ƙoƙarin hawa dutse, ya roƙi ɗan'uwansa ya kama shi, shi kuwa ya kafa masa farata ya jefa shi ƙasa. Bayan ƙura ta lafa sai a ga ɗan zakin yana zungurar gawar mahaifinsa yana cewa ya tashi su tafi gida, daga bisani ya shige ƙarƙashin hannunsa ya kwanta. Sannan bappan nasa ya zo ya ce masa shi ne ya jawo mutuwar uban, ya gudu kada ya sake dawowa. Babu jini ko ɗigo a wannan waje, amma manya da yawa sun zubar da hawaye a kansa, balle yarinyar da ba ta daɗe da barin goyo ba.

Abin da ya sa na raba tsakanin 'ya'yan naki biyu shi ne yadda hankalin yaro ke girma. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar bai gama rarrabe abin da ke faruwa da gaske da abin da aka ƙirƙira ba, kuma bai gama fahimtar cewa wanda ya mutu ba ya dawowa ba. Wannan fahimta takan zauna ne a hankali tsakanin shekara biyar zuwa bakwai. Haka kuma yara a wannan mataki suna da saurin ɗora wa kansu laifi, har su zaci wani abu da suka yi ko suka faɗa ne ya jawo rashin lafiyar uwa ko tafiyar uba. To ki dubi fim ɗin da idon irin wannan yarinya: an nuna mata uba ya mutu, an ce ɗansa ne sanadi, kuma ba za a warware mata wannan ƙulli ba sai kusan ƙarshen fim, bayan minti arba'in ko fiye, lokacin da wataƙila ta riga ta yi barci ko hankalinta ya koma wani wuri. Abin da za ta kwana da shi ke nan. Shi kuwa yayanta ya kai matsayin da zai riƙe zaren labari daga farko har ƙarshe, ya gane cewa bappan ne maƙaryaci, ya jira ya ga gaskiya ta yi halinta.

Akwai kuma wata mai bincike a Amurka, Joanne Cantor, wadda ta daɗe tana nazarin abin da ke firgita yara a talabijin, kuma abin da ta gano ya yi daidai da abin da iyaye mata suka sani tun da can. Ƙananan yara siffa ce ke ba su tsoro, wato mummunar fuska da manyan haƙora da duhu da ƙara, ko da abin ba mai cutarwa ba ne a cikin labarin, yayin da waɗanda suka tasa suka fi tsoron abin da zai iya faruwa da su da gaske. A wannan fim akwai wajen da yaran zakuna suka shiga maƙabartar giwaye, ga ƙasusuwa ga hayaƙi ga kuraye uku suna bin su, akwai kuma faɗan ƙarshe da ake yi cikin wuta. Faɗa wa 'yar shekara huɗu cewa ai zane ne ba ya yi mata maganin komai, abin da ke kwantar mata da hankali shi ne jikin uwarta ko cinyar ubanta.

Wani zai ce ai mu ma da tatsuniyoyin Dodo muka tashi, wanda ke haɗiye yarinya ɗungurungum, da kura mai cin 'ya'yan mutane, kuma ba abin da ya same mu. Gaskiya ne, tatsuniyoyinmu ba su da sauƙi ko kaɗan. Amma a tuna yadda ake yin su. Kaka ce ko goggo ke zaune a tsakar gida, yara sun kewaye ta, tana magana tana kallon fuskokinsu. Idan ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikin yayarsa sai ta sassauta murya, ta gaggauta wuce wajen Dodo, ko ta jefa wata wautar Gizo a yi dariya, kuma ba a watsewa sai ta ce ƙurunƙus, kowa ya san an rufe labari. Sannan Dodon da ke cikin tatsuniya yaro ne ke zana shi a zuciyarsa daidai gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Waya ba ta kallon fuskar yaro, ba ta rage murya, kuma ita ke zana masa Dodon da launi da sauti. Aikin da kaka ke yi a tatsuniya shi ne aikin da ya rage wa wanda ke zaune kusa da yaro a lokacin kallo, kuma idan babu kowa a wajen, to babu mai yin sa.

Game da alamar shekaru, hukumar masu fina-finai ta Amurka ta ba wannan fim harafin G, wato na kowa da kowa, a Birtaniya kuma an ba shi U, mai ma'ana iri ɗaya. Wannan tsari na Amurka ya fara ne a 1968, kuma bayan G akwai PG mai nufin iyaye su sa ido, da PG-13 wanda aka ƙara a 1984 don fina-finan da ba su dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba sai da kulawa, sai R wanda 'yan ƙasa da shekara 17 ba sa kallo sai tare da babba. Mu ma a Najeriya muna da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1993, mai amfani da alamomi irin su G da PG da 12 da 15 da 18. Waɗannan alamomi suna da amfani, amma abin da suka fi aunawa shi ne zagi da tsiraici da zubar da jini, ba sa auna baƙin ciki sosai, kuma ba da al'adarmu ko aƙidarmu aka auna na ƙasashen waje ba. Ga shi kuma fim ɗin da aka tura ta waya ko aka saya wajen masu turi a kasuwa yakan zo ne tsirara, babu kwali babu alama. Na taɓa ba wani yaro memori ya kai a zuba wa 'ya'yana katun, aka dawo da shi cike, sai da na bincika da daddare na tarar da guda biyu a ciki waɗanda zane ne dai, amma na manya ne zalla, bakin da ake yi a ciki ko a tasha ba a yin irinsa. Mai turin ba mugunta ya nufa ba, shi duk abin da aka zana katun ne, katun kuwa na yara ne.

Ki kuma duba wanne aka tura miki, domin akwai wani mai suna iri ɗaya da ya fito a 2019. Labarin ɗaya ne, amma an yi shi da kwamfuta ta yadda dabbobin suka zama kamar na gaske, ya kusa awa biyu, kuma alamarsa PG ce. Idan shi ne a wayarki, to maganar 'yar shekara huɗu ma ba ta taso ba, domin kura mai kama da ta gaske ta fi ta zane ban tsoro nesa ba kusa ba.

Sai abubuwa biyu da ya kamata ki shirya wa amsa, domin ɗan shekara takwas zai tambaya. Na farko, a cikin fim ɗin uban ya gaya wa ɗansa cewa sarakunan da suka shuɗe suna kallonsu daga taurari, daga baya kuma ya bayyana masa a cikin gajimare ya yi masa magana, akwai kuma wani tsohon biri mai sanda da ke aiki irin na boka. Ban ɗauki wannan a matsayin dalilin haramta wa yaro kallo ba, amma ba abin da za a bari ya wuce shiru ba ne. Jimla biyu sun isa: wannan ƙirƙira ce ta masu labari, mu kuwa mun san matattu ba sa dawowa, addu'a ake yi musu. Na biyu, mugun cikin labarin ƙanen uba ne. A gidajenmu na Gombe, inda bappa ke zaune a sashe ɗaya da mu, yake kai yara makaranta, yake yanka musu ragon suna, kada ki yi mamaki idan yaro ya tambaye ki ko Bappa zai iya yi wa Baba haka. Gara ya yi miki wannan tambaya ke, da ya riƙe ta a ciki ko ya je ya yi ta a gaban bappan.

Yanzu ga maigida. A gaya masa da ladabi cewa ba zai yi asarar lokacinsa ba. Idan aka cire gashin dabbobin, labari ne na rikicin gadon sarauta tsakanin wa da ƙane, da ɗan sarkin da ya yi gudun hijira ya sangarce a wata ƙasa yana cewa ba ruwansa, har sai da aka je aka tuna masa ko shi ɗan wane ne. Duk wanda ya san tarihin masarautun ƙasar nan ya san irin wannan labari. Sunayen ma daga harshen Suwahili na gabashin Afirka aka ɗauko da yawansu: Simba zaki ke nan, Rafiki kuwa, wato sunan tsohon birin nan, aboki, kalmar da asalinta Larabci ce. Akwai ban dariya a tsakiya, musamman wajen wani mugun dawa da abokinsa da ke koya wa ɗan zaki cin ƙwari, wanda yaran Turawa ke yamutsa fuska a kansa, namu kuwa da suka saba da fara da yaji ba za su ga abin ƙyama ba. Idan kuma kun taɓa kai yaran Yankari a Jihar Bauchi, za su gane mugun dawan nan da nan, domin irinsa na yawo a sansanin Wikki tare da gwaggon biri.

Shawarata ita ce ki ajiye fim ɗin sai ranar da ɗayanku ke da sarari, a kalle shi da rana ko da yamma, ba dab da barci ba, kuma a sa ƙaramar ta tafi wajen kakarta ko a jira ta yi barcin rana. Rashin Turanci ba zai hana ki komai ba, domin hoton kansa yana ba da labarin, kuma sa yaron ya riƙa fassara miki hanya ce ta sanin abin da ya fahimta da abin da ya dame shi. Ita kuwa ƙaramar a nema mata gajeru, irin su Bino and Fino da Adamu Waziri ya ƙirƙiro a Abuja, ko Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, waɗanda tun asali don masu shekarunta aka yi su. Nan da shekara biyu ko uku fim ɗin zakin yana nan, ba inda zai je.

TAMBAYA: Malam, ni malamin Islamiyya ne a garin Kumo. An ba ni wani katun na tarihin Sayyidina Bilal, ina so in nuna wa 'yan ajina a ranar rufe makaranta. Yawancinsu shekara biyar zuwa bakwai ne. Tunda tarihin sahabi ne, ina ganin ba sai na yi bincike ba, amma wani abokin aikina ya ce in tambaya tukuna.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, abokin aikinka ya yi maka gata. Idan wanda nake zato ne, wato Bilal: A New Breed of Hero, wanda kamfanin Barajoun na Dubai ya shirya aka fara nuna shi a ƙarshen 2015, to alamar da aka ba shi a Amurka PG-13 ce, kuma ya cancanci wannan alama. Fim ɗin ya buɗe ne da mahara a kan dawaki suna auka wa gidan su Bilal yana ƙaramin yaro, aka raba shi da mahaifiyarsa aka tafi da shi bauta. A tsakiya akwai azabar da Umayya bin Khalaf ya gana masa, an shimfiɗe shi a rana an ɗora masa ƙaton dutse a ƙirji, daga baya kuma ga fagen yaƙi da takubba da masu, an yi shi da ƙwarewa ta yadda mai kallo zai ji kamar yana ciki. Malam ya san wannan tarihi fiye da ni, kuma na tabbata ka sha ba yara labarin dutsen nan da bakinka ba tare da wani ya firgita ba. Amma ji daban, gani daban, musamman ga yara masu yawa a ɗaki ɗaya, inda ba za ka iya lura da fuskar kowa ba, kuma idan ɗaya ya fashe da kuka sauran za su bi.

Ban da wannan, tsawonsa ya haura awa ɗaya da rabi, maganganunsa kuma a kan 'yanci da daidaito ne, waɗanda sai mai hankali ya bi su. Masu shirya shi sun yi ƙari da ragi irin na masu fim don labari ya yi armashi, yaro kuwa abin da ya gani da ido shi yake riƙewa a matsayin tarihi, har ya zo yana musu da littafi. Ga kuma batun zana siffar sahabbai, wanda malamai da dama ba su yarda da shi ba, kuma wannan fage naku ne, ba nawa ba. Abin da zan ce kawai shi ne ka ji ta bakin shugaban makaranta da iyayen yara kafin a kunna, kada abin alheri ya zama abin ce-ce-ku-ce. Idan an amince, 'yan aji na sama masu shekara 12 zuwa sama ne ya kamata su kalla, bayan ka kalle shi kai kaɗai daga farko har ƙarshe ka ware wuraren da za ka tsayar ka yi gyara.

TAMBAYA: Malam, ɗana watansa 14, ba ya yarda ya ci abinci sai an kunna masa katun na kyanwa da ɓera a waya. Kakarsa ta ce babu komai tunda yana ci. Ni ce mai karatu daga Bajoga.

AMSA: Malama, a wannan shekaru tambayar ba ta kai ga wane katun ba tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojin da ta fitar a 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, idan ya gaza haka ma ya fi. Dalili shi ne yaro a wannan lokaci daga fuskar mutum da muryarsa yake koyon magana, allo kuwa ba ya mayar masa da amsa idan ya yi gwaranci. Sannan yaron da ake ɗura wa abinci hankalinsa na kan waya ba ya koyon sanin yunwa da ƙoshi da kansa, haɗiya kawai yake yi. Shi kuma katun ɗin da kike nufi, wato Tom and Jerry, wanda ya samo asali tun 1940, duka da guduma da faɗowa daga sama ne daga farko har ƙarshe, kuma wanda aka daka yakan miƙe garau, abin da ya sa ko ga 'yan shekara uku da huɗu nakan ce a sa ido, don kada a wayi gari an gwada muciya a kan ƙane.

Kada ki yi jayayya da kakarsa, ki roƙe ta ta taya ki. A zaunar da shi a tabarma tare da sauran yara lokacin cin abinci, a ba shi nasa ɗan kwano da cokali ko da zai ɓata jikinsa, wayar kuma ta kasance a wani ɗaki inda ba zai gan ta ba. Zai yi rigima na 'yan kwanaki, wataƙila ya rage ci, kuma wannan ba abin tsoro ba ne matuƙar yana shan nono yana wasa. Idan kuwa kika ga yana ramewa ko ya ƙi abinci gaba ɗaya, ki kai shi asibiti a auna nauyinsa, ki tafi da katinsa na riga-kafi.